Sinyora Amparo Ba Za Ta Tafi Shiru Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa ya jiƙa min gaban riga, ni Visitacion Abellanosa, wadda unguwar bayan tasha ta sani da Nang Bising mai guga, a madadin tsofaffin ɗakin wanki, da na kicin, da na ɗakin wuta, masu sauran haƙora da marasa su, ina sanar da jama'ar Cebu rasuwar uwarmu kuma uwar ɗakinmu, babban jirgin ruwan nan Sinyora Amparo. Ta cika a inda take ɗaure, can ƙarshen tasha, bayan doguwar jinya, tana da shekara saba'in da 'yan kai. Aminiyata Mare Puring, wadda muka tsufa muna ninke zanin gado ɗaya da ita, ta ce saba'in da tara ne. Kada a kula ta. Puring ta daɗe tana ƙara wa mata shekaru tana rage nata.

Ranar Asabar za a ja gawar zuwa ƙasar masu yanka jirage. Waɗanda suka saye ta sun shirya a ɗaura mata igiya a hanci a fita da ita shiru, kamar ana fitar da shara. To ina da rai ba za a yi haka ba. Marigayiya ta taɓa yi min busa uku a ranar da na fi buƙata, kuma sai na mayar mata kafin ta bar ruwan garin nan. Saboda haka a karanta har ƙarshe, kada a tsallake zuwa wajen abinci.

An haifi marigayiya a wata ƙasar Turawa mai sanyi, a bakin wani kogi, inda aka ce dubban maza suka yi ta buga mata ƙusa har suka kurumce. Ranar suna matar wani babban mutum ta fasa mata kwalbar giya a goshi, ta raɗa mata wani suna da harshenmu bai taɓa iya juyawa ba. Wannan ne dukan farko da ta sha a duniya, kuma ba ta rama ba, sai ta sulale cikin ruwa da baya-da-baya, kamar mai kunya za ta bar ɗakin surukai.

Masu awo sun ce tsawonta ya haura mita ɗari biyu. Ni ban san mita ba. Na dai san idan ka ɗauki kofi mai zafi daga ɗakin wanki, can ƙasa wajen wutsiyarta, kafin ka hau ka kai goshinta ya yi sanyi kamar hannun likita. Mutum dubu da ɗoriya take haɗiyewa ba ta yi ko gyatsa ba. A zamaninta, idan ta shigo gari, har makaranta ake tashi a je kallo.

Bututun hayaƙi biyu gare ta, kuma tun da ta riga mu gidan gaskiya, bari in faɗi abin da muka rufa mata shekara da shekaru: na bayan nan na ƙarya ne. Bai taɓa fitar da hayaƙi ba. A wancan lokacin fasinja sai ya ƙirga bututu yake sayen tikiti, mai guda ɗaya kallon talaka ake mata, shi ya sa aka dasa mata na biyu don ado, kamar gashin da Puring take sawa ranar Lahadi. A cikinsa muke shanya kamfai da rigunan nono, inda idon kyaftin ba ya kaiwa. Turawa na tsaye suna ɗaukarsa hoto, ba su san irin tutocin da ke kaɗawa a ciki ba.

Marigayiya ta yi aure huɗu, kowane miji da sunan da ya sa mata da fentin da ya shafa mata, kuma ba don tsegumi nake faɗa ba, tarihi ne. A gidan farko tana kwasar talakawan Turai da akwatunansu tana kai su Ostireliya neman arziki, tafiyar makonni, masu kuɗi a sama suna rawa, marasa shi a ƙasa suna amai. Sai jirgin sama ya zo, kowa ya zama mai sauri. Sa'o'inta da yawa a lokacin aka yanka su. Ita kuwa da yake tana da ƙira, wani Bagirke ya gani ya ce yana so. Ya shafe ta fari fat, ya haƙa mata tafkin wanka a gadon baya, ya riƙa zuba mata tsofaffin Turawa tana zagaya tsibirai da su tana dawo da su inda ta ɗauke su. Har yau ban gane wannan ciniki ba, mutum ya biya kuɗi a kai shi inda ya taso. Bagirken nan ne ya zo ƙasarmu ɗibar ma'aikata, ya ɗebe ni da Puring muna 'yan mata, ƙugunmu kamar na zanzaro. Wanda bai yarda ba ya tambayi wanda ya mutu.

A aure na uku ta tuba. Wani attajirin Singafo ya shafe ta kore, ya rufe mashaya, tafkin wanka ya koma wurin alwala, ta shiga jigilar alhazan Jawa da Malesiya zuwa Jidda. Na huɗu shi ne ɗan garinmu, wanda ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Amparo, ya sa ta zirga-zirga tsakanin tsibirai da ɗalibai da buhunan masara da zakarun da ake haɗawa faɗa. Ɗakin da gimbiyoyi suka yi rawa, a nan zakara ya yi cara. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai ta ɗan yi nishi idan an juya ta hagu.

Amma duk wanda ya san ta, da murya ya san ta. Ƙahonta na tagulla ne, ya fi namiji tsayi, yana manne da bututun gaskiya, kuma da tururi yake busawa. Tukunya ɗaya ce take ba ƙahon tururi take ba ɗakin guga. Saboda haka idan za ta yi magana, injin gugarmu ne yake fara sakin jiki kamar an zare masa numfashi, sai mu kalli juna mu ce Uwa za ta yi magana. Mu muke fara sani, kafin fasinja, kafin kifi. Buuuum. Buuuum. Buuuum. Uku dogaye idan za ta bar gari, har cikin haƙarƙari kake jin su. Doka kuwa ɗaya ce: ma'aikacin da busa na uku ya same shi a ƙasa, ya zama ɗan garin. Mun bar wani kuku a Girka da kwandon albasa a ka, yana ɗaga mana hannu. An ce jikokinsa na can.

A ɗakin wuta akwai wani siriri mai manyan kunnuwa, Eleuterio, ana ce masa Teryo, shi ne mai kula da famfon tururi. Bawan Allahn nan bai iya magana da mace ba. Ya yi watanni yana kawo min riga ɗaya in goge, rigar da ba ya sawa. Ran nan muna barin tasha, busa na uku ya kai tsakiya sai ya yanke ya dawo: buuuu, hik, buuum. Kamar Uwa ta yi shaƙuwa. Da yamma ya leƙo ɗakin guga, yana kallon babban yatsan ƙafarsa, ya ce, "Day, yarinya, kin ji? Wannan na tsakiyar naki ne." Ashe famfon ya murɗe ya sake. Puring ta ce duk namijin da zai sa jirgi shaƙuwa saboda mace, a aure shi kafin a kore shi daga aiki. Na aure shi, muka haifi Milagros. Daga nan duk garin da muka bari sai Uwa ta yi shaƙuwa. Kyaftin bayan kyaftin sun sa an kwance ƙahon ana neman cutar, an kawo injiniya da tabarau ya leƙa ya girgiza kai, mu kuwa muna ƙasa muna cusa tawul a baki.

A aurenta na uku ne, muna dawowa daga Jidda, tsakiyar babban teku, Teryo ya zauna gefen tukunya ya ce ƙirjinsa na zafi, bai sake tashi ba. Ƙasa ta yi nisa, ba yadda za a kai shi gida. Na ɗauko zanin gadon ɗakin masu kuɗi na goge shi da hannuna, har sitaci na sa, aka ɗinke shi a ciki. Kyaftin ya sa aka kashe inji. Ban taɓa jin cikinta ya yi shiru ba sai ranar. Alhazan nan, da ba addininmu ɗaya ba, suka fito suka jeru da fararen hulunansu, tsofaffin matansu suka riƙe ni. Aka zura shi. Sai ta busa. Ɗaya. Biyu. Na uku ya fita sumul, daga farko har ƙarshe. Ban yi kuka ba da ana ɗinki, ban yi ba da ruwa ya rufe shi, sai a wannan busan. Daga ranar ba ta sake shaƙuwa ba, kyaftin ya yi ta yabon injiniya wai ya gano cutar.

To jirgin da ya tsaya cak a tsakiyar teku saboda mai murɗa famfo, shi za a fitar ko tari bai yi ba? Na share hawaye, mu koma kan magada.

Marigayiya ta bar kwale-kwalen ceto da dama, ɗaya yana kamun kifi a Bohol, ɗaya ya zama akurkin kaji kuma an ce yana jin daɗin aikin. Ta bar zannuwan gado da cokula a kusan kowane gida na unguwar nan, waɗanda suka biyo mu gida da ƙafarsu. Ta bar ɓeraye, ko in ce su suka bar ta, tun jinya ba ta yi nisa ba suka tattara suka koma kasuwar kifi, Allah ya saka mata. Sannan ta bar jikoki, manyan jiragen yawon shaƙatawa na yanzu, waɗanda ba su san ta ba kuma ba sa gaisuwa. Akwai ɗaya da take zuwa garin nan, ba zan faɗi sunanta ba, Ƙatuwa muke ce mata. Hawa kusan ashirin, mutanen cikinta sun fi na ƙauyen da aka haife ni har da awakinsu. Idan ta tsaya gefen marigayiya sai uwarmu ta koma kamar 'yar rakiya. Amma ba ƙugu, ba wuya, ba goshi, kamar an kwantar da benen asibiti a kan faranti. A kanta akwai bishiyoyi da kasuwa da wani bututu da manya masu furfura suke zamiya a ciki suna ihu. 'Yata Milagros ce shugabar ɗakin wanki a can, ta ce akwai fasinjan da ya yi mako guda a ciki ya sauka yana tambaya ina tekun yake.

Ciwon ajali ya fara ne daga farfela, ya hau tukunya. Da aka kashe mata wuta aka ɗaure ta a ƙarshen tasha, ta koma wurin bikin aure da cin abinci. Tsatsa ta ci ta daga ƙasa, ta fara karkata hagu kamar wanda ya sha bammin kwakwa. A bikin ƙarshe da aka yi a cikinta, kek ɗin amarya ya sulale da kansa daga kan tebur ya nufi dangin ango, ya sauka a cinyar uwar miji, abin da dangin amarya suka ce ishara ce. Guguwar bara ta yaye mata rufi. Likitocin jirgi suka zo, ɗaya ya ƙwanƙwasa cikinta da guduma, gudumar ta shige, har yau ba ta dawo ba. Kalmarta ta ƙarshe, wadda mai gadi ya ji da kunnensa, ita ce: ƙiiiƙ, gulub.

Ni da Puring muka sa baƙaƙen kaya muka je wajen wakilin masu yankan, wani yaro mai ɗaurin wuya da ƙamshin turare, muka roƙi a bar ta ta yi sallama. Ya yi dariya ya ce, "Lola, kaka, ƙarfe ne fa. Ba wuta, ba tururi, da me zai busa?" Ya ce ƙahon ma an kwance shi, wani mai otal zai saya ya kafa a bakin ƙofa. Ni ban yi masa barazana ba, Allah na gani. Puring ce kawai ta gyara zama ta ce, "Dong, yaro, yaya jikin yarinyar nan mai sayar da katin waya a bayan coci, wadda kake kai wa mangwaro? Matarka ma tana son mangwaro kuwa? Don layinmu ɗaya da ita ranar Lahadi." Washegari da safe sai ga ƙaho a bayan babbar mota, aro har zuwa Asabar, da gaisuwa, da kwandon mangwaro.

Saura tururi. A duk bayan tasha mutum ɗaya ne mai tukunyar tururi, Noy Sebyo mai gidan awara, wanda dā abokin aikin Teryo ne a ɗakin wuta. Ya kafa ƙahon a kan rufinsa, ya ja bututu daga tukunyar awara, ranar Talata da rana tsaka muka ce bari mu gwada. Gwajin farko ba a samu murya ba, sai wani kuka irin na bunsurun da aka taka, sannan ƙahon ya tofo sheƙar tsuntsu da gidan rina da wani jan kamfai da ya yi shekaru a ciki. Puring ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya tambaye ta.

Noy Sebyo ya ƙara itace, ya ce mu matsa. Buuuum. Jama'a, ita ce. Ita ce sak. Tagogi suka yi rawa, awarar ranar ta tarwatse a kwano, karnuka suka shige ƙarƙashin mota. Daɗi ya kwashe mu na ce ya ƙara, ya ƙara, na ce ya cike na uku. Abin da muka manta shi ne su waye mazauna unguwar nan.

Duk wanda ya taɓa cin albashin marigayiya ya fito da gudu. Noy Kulas, tsohon kuku, wanda ya yi shekaru ana juya shi a gado saboda shanyewar ɓarin jiki, an gan shi ya wuce motar haya a kwana, kumfar aski a rabin fuska. Nang Doray ta fice daga ɗakin furta zunubi tana tsakiyar zunubi, Fada yana can har yanzu yana jiran ƙarshen labarin, mu ma haka. Wani ya fito da tawul, wani ya fito ba tawul. Ni kaina, da nake tsaye gindin ƙahon, ni da na ba da umarnin busawa, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙofar tasha da silifa ɗaya ba. Na tarar Puring ta riga ni, gashin Lahadi a hannu.

Muka tsaya, tsofaffi cike da bakin tasha, muna haki muna kallonta, ta karkata hagu, ba tsani, ba hayaƙi. Aka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Sai dariyar ta ƙare da kanta. Noy Kulas ya share kumfa ya ce, "To, wannan karon dai ba ta bar kowa ba." Da kujera aka mayar da shi gida, ya ce ƙafar ta sake mutuwa.

Da muka koma, Noy Sebyo ya tambaye ni a hankali ko ranar Asabar ya sa ta shaƙuwa irin ta Teryo, don ya sha ganin yadda yake yi. Na ce a'a, nuna min dai. Ya nuna min. Famfon da tauri, amma hannun da ya yi shekara hamsin yana danna dutsen guga ba a yi masa gori.

A al'adar teku, idan jirgi ya yi sallama, wanda ke tsaye a tasha yana amsawa. Ƙatuwa za ta kwana a garin nan ranar Juma'a. Na aika Milagros wajen kyaftin ɗinta, ya ce fasinjojinsa ba sa son a tashe su da sassafe. Milagros 'yar tarbiyya ce, ba ta yi musu ba. Ta dai tuna masa cewa duk fararen wandunansa suna hannunta, kuma akwai wata jar rigar fasinja mai zuba da ta rasa da me za ta haɗa ta a inji. Ya ce zai duba. Idan Ƙatuwa ta amsa, mun gode, ta nuna tana da asali. Idan ba ta amsa ba, a duba wandon kyaftin ranar Lahadi.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Zaman makoki a gidan awarar Noy Sebyo daga yau har Juma'a. Akwai kofi da biskit da awarar da ta tarwatse, ɗanɗanonta bai canza ba. Za a yi karta kamar yadda aka saba a gidan rasuwa, amma ba Puring ce za ta raba ba. Kada a sa jan kaya. Kada a yi shara har sai an fita da gawa, abin da na san ba zai yi wa surukata, matar ɗana, wuya ba. Fada ya ce ba zai iya yi wa ƙarfe addu'ar matattu ba, amma yana iya biyowa ta tasha ranar Asabar bisa tsautsayi, da ruwan albarka. Mun ce ya taho da bokiti, kwalba ba za ta isa ko goshi ba. Al'adar tsallakar da yara ta kan gawa, an yafe ta a wannan karon. Bayan an gama kada kowa ya wuce gida kai tsaye, a biya kasuwa a karkaɗe jiki, kada marigayiya ta bi mutum, don ba wanda ƙofarsa za ta ɗauke ta.

Za a ja ta ranar Asabar da safe idan ruwa ya cika. Tsofaffin ma'aikata su taru a bakin tasha tun da wuri, don kada a sake gudu. Iyalan Noy Kulas su riƙe shi. Ni ba za a gan ni a can ba, ina gidan awara.

Busa uku za a yi. Na ɗaya da na biyu na Noy Sebyo ne. Na uku, idan kun ji ya yanke a tsakiya ya dawo, kada wani ya ce tukunyar awara ce ta gaza. Hannuna ne a kan famfon. An ce ta wancan babban tekun za a ja ta, kuma ita ta ajiye Teryo a can, ta san wurin. Ta tafi masa da busan. Wannan na tsakiyar nasa ne.

Allah ya jiƙan Sinyora Amparo, ya sa wuƙar masu yanka ta yi mata sauƙi.

Mai sanarwa,
Nang Bising mai guga, matar Teryo.